Abincin zauren rumfuna a manyan gidajen caca: ya kai kuɗinsa?

Wani ɗan'uwa ya rubuto cewa aiki zai kai shi taron baje koli a ƙasar waje, kuma masu shirya taron sun kama masa ɗaki a ɗaya daga cikin manyan otal-otal ɗin nan da ke haɗe da gidan caca. Shi ba ruwansa da caca, da iyalinsa ma zai tafi. An gaya masa wai abinci a irin waɗannan wurare araha ne ƙwarai, don masu gidan so suke mutane su zauna kada su fita. Abin da yake tambaya shi ne: abincin zauren rumfuna, inda masu sayarwa daban-daban ke jere ana zama a teburori na kowa da kowa, yana da inganci kuwa? Kuma ya kai kuɗin da ake biya?

Malam, na daɗe ina aikin kicin ɗin otal, daga baya kuma na koma lissafin abin da ke shiga da abin da ke fita a wuraren sayar da abinci, don haka ta wannan ƙofar zan ba ka amsa. Wanda ya ce maka araha ne bai yi ƙarya ba, sai dai labarin da ya ba ka ya tsufa. A yau abincin zauren ya fi na gidajen abinci na zama da ke cikin ginin sauƙi, amma ya fi irinsa na cikin gari tsada, wani lokaci nesa ba kusa ba. Ingancinsa kuwa ba a yanke masa hukunci a dunƙule, domin zaure ɗaya kan haɗa rumfar da za ka yi ta santi da rumfar da za ka yi da-na-sanin kuɗinka, tsakaninsu taku biyar.

Labarin arahar daga Las Begas, birnin caca na jihar Nebada, ya samo asali. Jihar Nebada ta Amurka ta halatta caca a 1931, otal na farko a babban titin gidajen caca, El Rancho Vegas, ya buɗe a 1941. A nan ne cikin shekarun 1940 aka fara shimfiɗa teburin ɗebi-da-kanka na tsakar dare a kan dala 1, ana kuma danganta dabarar ga wani ma'aikacin otal ɗin, Herb McDonald. A 1959 gidan Golden Gate ya fara sayar da kofin jatan lande a kan santi 50, bai taɓa farashin ba sai 1991, da ya mai da shi santi 99. Babu wanda ya ci riba a kan wannan kofi, ba a kuma yi shi don riba ba. Mai gidan ya san duk wanda yunwa ta fitar da shi waje ba lallai ya dawo ba, kuma asarar da za a yi a kicin teburin caca zai biya ta cikin minti kaɗan. Banza ba ta kai zomo kasuwa: mai caca ne ke biya wa kowa abinci, har da wanda bai taɓa kati ba.

Wannan lissafi ya fara juyawa da ɗan kasuwa Steve Wynn ya buɗe otal ɗin Mirage a 1989, sannan a 1992 kuku Wolfgang Puck ya kawo gidan abincinsa Spago cikin kantunan otal ɗin Caesars Palace. Masu gidajen suka gane mutane za su biya kuɗi mai kauri don abinci kawai. Tun wajen 1999 kuɗin da manyan otal-otal ɗin titin ke samu daga ɗakuna da abinci da wasanni da kantuna ya zarce na caca, yanzu caca ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigarsu ba. Tun da abin ya zama haka, kowane sashe aka ce ya ci da kansa. Kicin ya daina zama tarko, ya zama kasuwa mai neman riba.

Annobar korona ce ta ƙarasa aikin. An rufe gidajen a watan Maris na 2020, da aka buɗe a watan Yuni, yawancin teburorin ɗebi-da-kanka ba su dawo ba. Dama can suna cin ma'aikata da yawa, abincin da ake zubarwa kuma ba a magana. A gurbinsu aka zuba zaurukan rumfuna: otal ɗin Aria ya mai da wurin nasa Proper Eats a ƙarshen 2022, Rio ma ya yi haka a farkon 2024, Resorts World kuwa da ya buɗe a 2021 bai ma yi babban ɗebi-da-kanka irin na dā ba, sai ya jera rumfuna irin na titunan Asiya. Saboda haka zauren da za ka shiga ba kyauta ce daga mai gida ba. An gina shi ne don ya fi abin da ya gada kawo kuɗi da rage asara.

Yanzu ga inda kuɗinka ke tafiya, nan ne kuma nake so ka tsaya da kyau. A wannan sana'a abin da aka saba shi ne kayan da ke cikin faranti su ci tsakanin kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na farashinsa. A misalce, farantin dala 20 kayan cikinsa na wajen dala 6 ne. Sauran na albashi ne da haya da wuta da ruwa da kwali da cokali, sai ɗan abin da ya rage na riba. A cikin gidan caca haya ce ke danne komai. Mai rumfa kan biya tsayayyen kuɗin wata, a yawancin yarjejeniyoyi kuma a ɗora masa wani kaso na cinikinsa, da kuɗin share zauren da kwashe shara da gadi. Sau da yawa an wajabta masa buɗewa har cikin dare ko da babu ciniki, dole ya ajiye ma'aikaci yana jiran mutum ɗaya ko biyu. Kayansa ma ba ya shigo da su yadda ya ga dama, sai ta ƙofar lodin otal, a lokacin da aka ware. Duk wannan a kan farantinka yake sauka, kuma hanya biyu ce kawai mai rumfa ke da ita: ko ya ɗaga farashi ya bar abincin yadda yake, ko ya riƙe farashi ya ci daga cikin kwano. Na biyun ne ke cutarwa, don ba a ganinsa a allon farashi. Nama ya ragu, shinkafa da taliya su ƙaru, miya ta fito daga gwangwani, kaza ta zo a daskare da garinta a jiki daga masana'anta.

Akwai kuma abin da mai ci ba ya gani: ba kowace rumfa ce mai zaman kanta ba. Wasu kamfanonin abincin gaggawa ne da ka sani a ko'ina, suna haya kawai. Abincinsu ɗaya ne da na waje, farashin ne ya hau, kuma rangwamen da suke yi a rassansu na gari galibi ba ya aiki a nan. Idan abin da kake nema shi ne kada a ba ka mamaki, musamman da yara, su ne mafi aminci, amma ka san ƙarin da ka biya na wuri ne ba na ɗanɗano ba. Wasu rumfunan kuma suna ɗauke da sunan wani sanannen kuku ko wani gidan abinci da ya yi suna a wani birni, alhali sunan aka saya, ma'aikatan otal ne ke dafawa bisa takardar da aka ba su. Irin wannan takan yi kyau a watannin farko lokacin da mai sunan ke leƙowa, daga baya sai yadda hali ya yi. Sai kashi na uku, waɗanda otal ɗin ne da kansa ke gudanar da su duka, alluna daban-daban amma kicin ɗaya a ƙarƙashin ƙasa. Can ake dafa shinkafar rumfar Sinawa da ta rumfar 'yan Meziko, a turo su a akwatin ɗumi. Na yi aiki a irin wannan kicin, ba ƙazanta ba ce, sau da yawa ma ya fi ƙananan wurare tsabta da bin doka. Illarsa ita ce abincin yana yin tafiya, abincin da ya yi tafiya kuwa ya riga ya bar rabin daɗinsa a hanya.

To yaya za ka bambance? Kada ka sayi komai sai ka zaga zauren gaba ɗaya, hannunka a aljihu. Abu na farko da nake dubawa shi ne wuta. In ka ga kuku tsaye gaban kasko, ya zuba mai, ya watsa tafarnuwa ta yi ƙara, ya jefa taliya yana kaɗawa harshen wuta na lasar gefen kaskon, ya juye a faranti ya miƙa wa wanda ke tsaye, to wannan abincin minti biyu ke nan da haihuwarsa, da wuya ya ba ka kunya. Haka mai gasa nama a gabanka, da mai murza ƙullu yana jefawa a tanda. Sai ka dubi maƙwabciyarta, inda aka jera faranta goma sha biyu na ƙarfe a kan ruwan zafi, fitila ja a samansu. Matsa kusa. Shinkafar da ke bakin farantin ta bushe ta yi ɓawo? Miyar ta yi fata a sama, mai ya ware gefe guda? Ganyen da ya kamata ya zama kore shar ya koma ruwan toka? Fatar kazar ta yamutse ta yi laushi? Wannan abincin ya daɗe yana jiran mai saye. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne in ga an kawo sabon dahuwa an juye a kan tsohon da ya rage a ƙasa. A kicin ɗin da ya san aikinsa ɗauke farantin ake yi gaba ɗaya a sa wani.

Na biyu shi ne tsawon jerin abinci. Rumfar da faɗinta bai wuce taku huɗu ba amma allonta na ɗauke da abinci kala arba'in, daga firiza take aiki, babu wata hanya. Wadda ke sayar da abu uku ko huɗu, kayanta na ƙarewa kullum ana kawo sabo. Na uku layi. Mutane kan guje wa layi, ni kuwa a zauren abinci layi nake nema, domin shi ne shaidar cewa tukunya ba ta kwana. In ka ga ma'aikatan ginin da kayan aikinsu a jiki sun tsaya a wata rumfa, bi bayansu. Yawancin manyan otal-otal na ciyar da ma'aikatansu a nasu ɗakin cin abinci, don haka wanda ya bar wancan ya zo ya biya da kuɗinsa ya san abin da ya zo nema.

Lokaci ma yana da nasa hukuncin. Rumfa ɗaya takan zama biyu a yini: da tsakar rana da farkon dare, sa'ad da ciniki ya kankama, komai sabo ne. Tsakanin ƙarfe 3 da 5 na yamma, da kuma bayan sha ɗayan dare, ragowar ce ke kan wuta, babban kuku ya tashi, an bar yaro ɗaya. In taronka ya sa dole sai a irin wannan lokaci za ka ci, to ka nemi abin da sai an dafa maka, ko da za ka jira minti goma.

Wannan ba maganar daɗi kaɗai ba ce, ta lafiya ce. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abinci tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas. Mai zafi ya kamata ya zo maka yana tururi, mai sanyi kuma da sanyinsa har cikin haƙori, ɗumi-ɗumi shi ne abin tsoro. Mutane sun fi zargin nama da kifi, amma dafaffiyar shinkafa da aka bari ta huce a waje tana cikin masu kwantar da mutum, domin akwai wata ƙwayar cuta da ke jure dahuwa, ta saki guba in shinkafar ta daɗe a ɗumi, kuma sake ɗumamawa ba ya kashe gubar. Ka lura da hannun mai zuba maka: safar hannun da ta karɓi kuɗi ko ta taɓa waya ba ta da sauran amfani a kan abinci. A Las Begas hukumar lafiya ta kudancin Nebada tana ba kowane wurin abinci maki A ko B ko C, kuma dole a manna takardar inda mai saye zai gani, wanda laifinsa ya yi yawa a rufe shi nan take. Duba takardar ba ya cin ko daƙiƙa biyar. A gaskiya ta wannan fuska manyan gidajen caca sun fi wurare da yawa, saboda suna da masu duba tsabta na kansu, kuma labarin gubar abinci asara ce da ba sa so ko kaɗan.

Ban san ƙasar da za ka ba, kuma amsar tana ɗan canzawa da wuri. A Singafo, otal mai gidan caca na Marina Bay Sands da ya buɗe a 2010 yana da zauren Rasapura Masters a ƙasan kantunansa. Abincin ba laifi, domin mutanen ƙasar sun san abincin rumfa, har UNESCO ta sa al'adar a jerin al'adun gado na ɗan Adam a 2020, ba za su lamunci shirme ba. Sai dai shinkafa da kazar da za ka ci a can, in ka hau jirgin ƙasa tasha kaɗan zuwa kasuwannin rumfunan abinci na Maxwell ko Lau Pa Sat, za ka same ta da sauƙi sosai, sau da yawa ma ta fi daɗi. A Makau, wani yanki na ƙasar Sin inda har yanzu caca ce uwar kuɗin shiga, manya irin su Venetian da ya buɗe a 2007 suna da zauruka masu faɗi, amma tsohon ƙauyen Taipa na nan kusa, da ƙafa ma ana zuwa. A Las Begas kuwa unguwar Sinawa da ke titin Spring Mountain, yamma da babban titin, nan ne su kansu masu aikin kicin ke zuwa ci bayan sun tashi. Ko'ina dai ƙa'idar ɗaya ce: da zarar ka fita daga inuwar ginin, farashi ya sauka. Amma ka haɗa da kuɗin mota da lokacinka. Waɗannan gine-gine manya ne ƙwarai, daga ɗakinka zuwa bakin titi kawai kan ci minti goma sha biyar, kuma da gangan aka tsara su haka. Mutum ɗaya mai hutun awa guda tsakanin zama biyu na taro, zaure ya fi masa. Iyali mai mutum biyar da yamma babu abin da ke gabansu, fita ta fi.

In ka kwatanta da gidajen abinci na zama da ke cikin ginin kuwa, zauren ya yi nasara ba tantama. A Amurka wanda aka kawo wa abinci a tebur ana sa ran ya bar tukwicin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, a rumfa kuwa na'urar biya za ta nuna maka zaɓin tukwici amma ganin damarka ne. Ka tuna farashin da ke allo a can babu haraji a ciki, a Las Begas za a ɗora maka kashi 8.375. A Singafo gidajen zama kan ƙara kashi 10 na hidima kafin harajin kashi 9, rumfuna galibi ba sa karɓar na hidima. Inda ake yanka mutane a zaure shi ne abin sha. Lemon kwalba da ruwan gora su ne suka fi komai riba, a kansu mai rumfa ke mayar da abin da ya rasa a nama. Ka sayi ruwa da yawa a kantin waje ka ajiye a ɗaki. Faranta a Amurka manya ne, biyu kan ishi mutum uku, a zaure kuma babu mai hana ku rabawa.

Za a yi maka tayin katin 'yan gida, a ce kana samun maki ko rangwame a kan abinci. Rangwamen da ke da kauri na masu caca ne, gwargwadon abin da suka zuba, katin kuma aikinsa shi ne ya bi sawun kashe kuɗinka ya jawo ka teburin. Tunda ka ce ba ruwanka da caca, ɗan abin da za ka samu bai kai ka ba su sunanka da lambarka ba.

In kana kiyaye halal, to a nan sai ka buɗe ido fiye da kullum, domin abin da ke ɓoye ya fi wanda ke fili yawa. Romon taliyar Japanawa mai kauri fari galibi daga ƙashin alade ake dafa shi. Abincin kudancin Sin, wanda shi ya cika zaurukan Makau, yana yawan amfani da kitsen alade da giyar shinkafa ko a cikin abin da sunansa kaza ne ko ganye. Dakakken waken 'yan Meziko a al'adance da kitsen alade ake soya shi, jan naman da ake yankawa a kan fiza shi ma akwai alade a ciki. Ko kifi ka saya, tambayi ko man da aka soya shi nasa ne shi kaɗai, don rumfa mai tukunyar suya ɗaya komai a ciki take jefawa. Kada ka tsaya ga "babu alade" da mai karɓar kuɗi zai ce maka, sau da yawa bai san abin da ke cikin romon ba, ka nemi a kira wanda ke dafawa. A Malesiya, inda gidan caca na Genting yake kan dutse kuma doka ta hana Musulmi shiga ɗakin cacar, samun rumfa mai shaidar halal ta hukumar JAKIM ba wuya. A Singafo tambarin halal na hukumar MUIS za ka nema a jikin ita rumfar, ba a ƙofar zauren ba, domin rumfa-rumfa ake bayarwa. A Afirka ta Kudu akwai shaidar SANHA da ta MJC. A Amurka da Makau rumfunan da ke da shaida kaɗan ne, gara ka bincika tun kafin ka tashi ka san inda za ka dosa.

Game da yara, tsarin ginin ya bambanta. A Singafo da Makau ɗakin caca a killace yake, ana duba shekaru a ƙofa, sai mai 21 ke shiga, kuma za ku iya kai wa ga zauren abinci ba tare da kun ga tebur ko ɗaya ba. A Las Begas kuwa hanya ta tsakiyar injinan caca take bi, an yarda yaro ya wuce tare da babba amma ba a yarda ya tsaya ba. Dokar Nebada ta 2006 ta hana shan taba a wuraren cin abinci amma ta ƙyale filin caca, don haka zauren da ke manne da filin hayaƙi na iya iske ku a tebur. Otal ɗin Park MGM ya hana taba a cikin gininsa tun 2020, kuma a nan kasuwar abincin Italiya ta Eataly take. A sauran, ka tambayi ma'aikacin karɓar baƙi ya nuna maka hanyar da ta bi ta ɓangaren kantuna ko ta zauren taro, sannan ku zaɓi tebur can ciki, nesa da bakin filin.